Yaushe Baƙo Zai Zama Ɗan Gari?

Jama'a, akwai wata 'yar takarda a ƙasar nan wadda faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, amma ta fi takardar cin jarrabawa ƙarfi, ta fi takardar haihuwa, har ma ta fi rasiɗin haraji na shekara 30. Ita ce takardar asali, wadda mu ke kira indijin, wadda shugaban ƙaramar hukuma ke sa wa hannu ya shaida cewa wane ɗan wane tushensa a nan ya ke. Da ita muka shigo kwalejin nan, ranar da za mu fita neman aikin koyarwa kuwa ita za a fara tambayarmu tun ba a ga ko mun iya riƙon alli ba. Ra'ayina, wanda na roƙi Edita ya ba ni fili in bayyana, shi ne lokaci ya yi da za a ajiye takardar nan, a riƙa tambayar mutum inda ya ke zaune a maimakon inda kakansa ya fito. Na san cikin masu karatu akwai waɗanda ransu zai ɓaci, har da 'yan garinmu. To, su daure su kai ƙarshe, sa'an nan su ɗauki alƙalami su ba ni amsa.

Mu fara da inda abin ya taso, gama ba daga sama ya faɗo ba, waɗanda suka ƙago shi kuma suna da dalilinsu. A shekarun 1950, sa'ad da mulkin kai ya matso, Nijeriya manyan jihohi uku ce, Arewa da Gabas da Yamma. Ilmin boko ya riga ya yi nisa a Kudu, domin mishan sun kafa makarantu a can tun ƙarni na 19, alhali kuwa a Arewa Turawan mulki sun taƙaita shigarsu ƙasashen sarakunan Musulmi. Saboda haka da aka duba ofisoshi da tashoshin jirgin ƙasa da gidajen waya na Arewa, sai aka tarar akawuna galibi mutanen Kudu ne. Gwamnatin Sardauna ta ga ba za ta karɓi mulki daga hannun Bature ta miƙa wa wani ba, ta kafa ƙa'ida cewa in aiki ya samu ɗan Arewa za a fara nema. Iyayenmu na cikin duwatsu su ma suna da irin tsoron nan, sai dai nasu na manyan ƙabilun Arewa ne su kansu. Kukan ƙananan ƙabilu ya sa a 1957 Ingila ta naɗa kwamitin Willink ya zaga ƙasa ya saurare su. Da ya ba da rahoto a 1958 bai yarda a ƙara jihohi ba, sai ya ce a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Abin da su Joseph Tarka suka yi ta nema bai fara samuwa ba sai 1967, da Janar Gowon ya raba ƙasar jihohi 12.

Bayan yaƙin basasa, shugabanni suka ce kada a sake barin wani ɓangare ya ga an mai da shi saniyar ware. A 1975 Janar Murtala ya kafa kwamitin rubuta sabon tsarin mulki, da Rotimi Williams a kan kujera, tsarin kuma da ya fara aiki a 1979 ya shigo da ƙa'idar raba daidai, watau kada mutanen jihohi kaɗan ko ƙabilu kaɗan su mamaye ma'aikatun Gwamnatin Tarayya. A 1996 aka kafa hukuma ta musamman don ta lura da rabon. Nufin nan mai kyau ne, ni ma ina bayansa. Amma wanda zai raba nama gida-gida tilas ya san wa ke wane gida, a nan kuwa aka yi tuntuɓe.

Ku ɗauki Tsarin Mulki na 1999 a laburare ku duba da kanku. Sashi na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon ya zauna duk inda ya ga dama. Sashi na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa, ko garin asalinsa, ko addininsa, ko don shi namiji ne ko mace. Sashi na 43 ya ba shi ikon mallakar gida ko fili ko'ina. Sashi na 15 ma ya ɗora wa Gwamnati nauyin ta tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin mazauni a kowane yanki, ta kuma ƙarfafa auratayya tsakanin ƙabilu. Madalla. Sai ka ƙara gaba zuwa sashi na 147, ka tarar an ce Shugaban Ƙasa ya naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, ministan kuma ya zama ɗan asalin jihar. Sashi na 318 ya ce mutum na jiha ne in ɗaya cikin iyayensa ko kakanninsa daga wata al'umma ya ke ta asalin jihar. Wace al'umma ce ta asali? Wadda aka tarar a 1960, ko a 1914 da aka haɗe Kudu da Arewa, ko tun kafin jihadi? Tsarin ya yi shiru. Wannan babbar magana, wadda manyan lauyoyin ƙasa suka tsallake, ita aka bar wa shugaban ƙaramar hukuma da akawunsa, a wurare 774, kowa yana yanka ta yadda ya ga dama.

Abin da ya biyo baya lissafi ne na 'yan firamare. Jihohinmu 36 ne. Kowannenmu ɗan gida ne a ɗaya, baƙo a 35. Mu kan yi maganar baƙi kamar wasu mutane ne dabam, alhali da zarar ka shiga mota ka ƙetare gadar iyaka kai ne baƙon. Wani lokaci ma ba sai ka motsa ba. Mutumin da aka haifa a Lafiya a 1960 ɗan Jihar Arewa ne. A 1967 ya zama ɗan Binuwai da Filato. A 1976 ɗan Filato. A 1996 aka wayi gari shi ɗan Nasarawa ne. In a Jos ya ke aiki, a can ya gina gida ya haifi 'ya'ya, to, ya kwanta ɗan gida ya tashi baƙo, da sanarwar rediyo kawai. Duk ranar da aka ƙirƙiro sabuwar jiha muna kaɗe-kaɗe da raye-raye, ba ma tuna a ranar nan aka ƙirƙiro sababbin baƙi dubbai.

Mu masu koyon aikin malanta, sai mu shafa wa gemunmu ruwa. A 2011 Gwamnatin Jihar Abiya ta sallami ma'aikatanta waɗanda ba 'yan asalin jihar ba, da malaman makaranta a cikinsu, ta ce su koma jihohinsu, domin ta iya biyan sabon albashi mafi ƙanƙanta na naira 18,000. Galibinsu Ibo ne daga jihohin maƙwabta, harshensu ɗaya da masu korarsu, wasu ma daga Imo, wadda aka cire Abiya daga cikinta a 1991. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa 'ya'yan gari karatu, rana ɗaya a ce ya tafi wurin da ba a taɓa rubuta sunansa a littafin albashi ba. A wasu jihohin kuwa ba a ma kai ga kora, gama tun farko baƙo da kwantiragi a ke ɗaukarsa, ba fansho, ba hawa, ko da makarantar ta shekara ba malamin lissafi. Gwamnatin Tarayya tun 1973 ta ke tura matasa yi wa ƙasa hidima a jihohin da ba nasu ba, wai don su san juna. Sun san juna ɗin, sa'an nan bayan wata 12 a nuna musu hanyar tasha.

Halin mata ya fi ban tausayi, domin su a kan rasa musu gida gaba ɗaya. A 2012 aka zaɓi Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a gurbin Abiya, inda ta yi aure ta kuma yi alƙalanci fiye da shekara 10. Ranar rantsuwa aka tsallake ta, don an kai ƙara cewa haihuwar Anambra ce. Sai da Majalisar Dattawa ta sa baki kāna aka rantsar da ita. A 2020 Majalisar Dokokin Kuros Riba ta ƙi amincewa da Mai Shari'a Akon Ikpeme ta zama Babbar Jojin jihar, ita ce kuwa gaba da sauran alƙalai, don mahaifinta daga Akwa Ibom ya ke, jihar da aka cire daga Kuros Riba a 1987. Sai 2021 aka ba ta kujerar. In haka ya sami alƙalai masu sanin doka, waɗanda jaridu ke bin labarinsu, ina ga 'yar'uwarmu malamar firamare wadda ta auri mutumin wata jiha? Garin mijinta su ce ba tasu ba ce, garin ubanta su ce ai ta tafi.

Akwai kuma rashin gaskiya a wajen kuɗi, wanda ban taɓa jin mai kare takardar nan ya ba da amsarsa ba. Harajin albashi, jihar da mutum ke zaune ita ke karɓa, ba ta taɓa cewa ya aika wa jihar kakansa ba. Ranar ƙidaya a kan ƙirga mutum a inda aka same shi, yawan jama'a kuwa yana cikin abin da a ke dubawa wajen rabon kuɗin Tarayya. Ranar zaɓe 'yan siyasa har ƙofar ɗakinsa su ke zuwa da gishiri da atamfa. Watau kansa na gari ne, aljihunsa na gari ne, ƙuri'arsa ta gari ce. Sai ranar da ɗansa ya nemi tallafin karatu, ko gurbi a jami'ar jiha, sa'an nan a tuna shi baƙo ne, a ce ya biya kuɗin makaranta fiye da na abokinsa da suka zauna benci ɗaya tun aji ɗaya.

Da a kan kuɗi da aiki abin ya tsaya, da da sauƙi. Mu mutanen Filato mun san inda ya kai. A 1991 aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. A Afrilu 1994 aka yi faɗa a kan wanda aka naɗa ya riƙe ta. Ran 7 ga Satumba 2001 wuta ta tashi, cikin mako guda aka rasa rayuka wajen 1,000, kafin ranar kuwa gari ya riga ya ɗauki zafi a kan naɗin jami'in shirin rage talauci. A 2004 aka yi ta Yelwan Shandam har aka sa dokar ta-ɓaci, a Nuwamba 2008 aka yi ta bayan zaɓen ƙananan hukumomi, a 2010 aka sake. Kirista sun mutu, Musulmi sun mutu, birnin da a da a ke zuwa shan iska ya rabu unguwa-unguwa. A kan ce rikicin addini ne, lalle kuwa addini ya shiga, amma ku dubi abin da ke kunna shi: kujera, da naɗi, da tambayar wa ke da gari. A Zangon Kataf, 1992, daga maganar ta da kasuwa aka fara. A Warri, 1997, a kan inda za a sa hedkwatar ƙaramar hukuma ne. A shekarar nan kuma Ife da Modakeke suka gwabza a kan irin wannan magana, su kuwa dukansu Yarabawa ne, kuma mutanen Modakeke tun ƙarni na 19 su ke zaune a wurin.

Yanzu bari in juyo wajen 'yan'uwana, gama na san abin da za su ce, na kuwa ji shi tun ina yaro. Ni ɗan ƙaramar ƙabila ne, takardar nan tana aljihuna, a jihar nan kuma amfani ta ke yi mini. Dattawanmu su kan ce: mu kaɗan ne, harshenmu ba ya fita bayan duwatsunmu. Kakanninmu sun hau dutse don gudun masu kamun bayi. A zamanin En'e, a wurare da dama an ɗora wa mutanenmu hakimai waɗanda ba su jin harshensu. Bahaushe ko Bayarabe ko Ibo, in ya rasa a nan yana da jihohi da zai koma. Mu in muka rasa nan, ina za mu? In aka ce kowa ɗan gari ne, masu yawa za su zo su rinjaye mu da ƙuri'a, mu zama 'yan kallo a ƙasar kakanninmu. Sa'an nan su ƙara da tambayar da ta fi kowace nauyi: ɗanmu da aka haifa a Sabon Garin Kano, su za su ba shi takardarsu?

Wannan magana ba ta raini ba ce, wanda maciji ya sara kuwa in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk mai son a gyara al'amarin nan, in ya yi wa tsoron nan dariya, ya ɓata aikinsa tun bai fara ba. Abin da na ke tambaya shi ne, takardar ta kare mu daga abin da mu ke tsoro? Ƙuri'a dai ba ta hana kowa ba, domin mutum a inda ya ke zaune ya ke rajista, sharuɗɗan tsayawa takarar gwamna ma da ke sashi na 177 babu maganar asali a cikinsu. Gonaki ba ta hana sayarwa ba. Abin da ke sa dattijo ya sayar da gonar gado kuɗin asibiti ne da kuɗin makaranta. Harsunanmu kuwa suna raguwa a bakin yara ko da takarda ko babu, maganin wannan kuma yana hannunmu mu malamai da iyaye, a aji da gindin murhu.

To, wa ta ke yi wa aiki? Ku dubi wanda ke cin gurbin da aka keɓe wa ƙaramar hukumarku. Sau da yawa ɗan babban ma'aikaci ne, an haife shi a Abuja, ya yi makarantar kuɗi, ba ya iya gaisuwa da harshen garin. Sau ɗaya ya zo, cikin mota, ya karɓi takarda ya koma. Shi zai shiga jami'a da sunan yankin da aka bari a baya, ɗan manomin da ya yi firamare a ƙarƙashin itace yana nan yana kallo. Baƙo mai kuɗi shi ma ba ya rasa takarda, kowa ya san yadda a ke yi. Wanda ke rasawa talaka ne, na wannan gefe da na wancan, su ne kuma ke fita da adda in an busa ƙaho. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun 1950 su Malam Aminu Kano suka kafa NEPU a kan cewa babbar iyakar da ke cikin jama'a tana tsakanin talakawa da masu mulkinsu; wanda ya duba rabon guraben nan zai ga maganar ba ta tsufa ba.

Da muka fita gwajin koyarwa, an kai ni wata firamare a tsohon sansanin haƙar kuza. Akwai wani yaro a aji shida, shi ke zuwa na ɗaya a lissafi. Kakan ubansa yana cikin waɗanda aka kwaso daga lardunan Arewa tsakanin 1942 da 1944, sa'ad da Turawa suka tilasta wa mutane aikin kuza saboda yaƙi. Bai zo don kansa ba, an kawo shi ne, a nan ya mutu, a nan aka binne shi da ɗansa. Uban yaron ya gaya mini ya nemi takarda wa babban ɗansa a nan aka ce ya tafi garinsu. Ya ci bashi ya tafi, can kuwa mai unguwa ya ce bai san gidansu ba, ba kuma wanda ya rage da zai shaide shi. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaron nan ɗan Nijeriya ne, Tsarin Mulki ya shaida, amma cikin ƙananan hukumomi 774 babu tasa ko ɗaya. A kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓar da ta shekara 80 ba ta bushe ba, sai a sake mata suna.

Kada kuma a ce mana wannan rowa al'adarmu ce ta gargajiya. Tsofaffin biranenmu da baƙi suka girma. A cikin ganuwar Kano akwai Ayagi ta Yarabawa, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa, jikokin mutanen nan kuwa yau Kanawa ne. Mu da muka tashi a makarantun mishan an koya mana labarin Rut, baƙuwa daga Mowab, wadda Sarki Dawuda ya fito daga zuriyarta. 'Yan'uwanmu Musulmi sun san yadda mutanen Madina suka karɓi waɗanda suka yi hijira daga Makka. A siyasa ma iyayenmu sun fi mu faɗin zuciya. Dokta Azikiwe, wanda aka haifa a Zungeru a 1904, daga Ikko aka zaɓe shi zuwa Majalisar Jihar Yamma a 1951. Malam Umaru Altine, Bafillace mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. A 1961 mutanen Tibi suka zaɓi Alhaji Ibrahim Imam, Babarbare daga Barno, ya wakilce su a Majalisar Arewa, a shekarar nan kuma Margaret Ekpo, wadda aka haifa a ƙasar Kalaba, ta ci kujerar Aba. Ba na cewa zamanin nan ba shi da nasa aibi, ai shi ya kai mu ga 1966. Amma yau wace jam'iyya ce za ta yi ƙarfin halin tsai da irin waɗannan 'yan takara?

Abin da na ke ganin ya kamata shi ne a raba abu biyu da aka cuɗanya. Akwai abin gado: sarautar gargajiya, da wuraren tsafi da maƙabartun kakanni, da gonakin dangi, da bukukuwa. Waɗannan su zauna a hannun masu su bisa al'ada, a ma rubuta haka a doka ɓaro-ɓaro don hankalin dattawa ya kwanta. Ba wanda zai zama Gbong Gwom na Jos ko Sarkin Kano don ya daɗe a gari. Akwai kuma abin Gwamnati, wanda aka gina da harajin kowa: makaranta, asibiti, aikin hukuma, tallafin karatu. Wannan ya zama na duk wanda aka haifa ya tashi a wurin, ko ya shekara 10 yana zaune yana biyan haraji, matar aure kuma ta zaɓi inda ta ke so. Wanda ya karɓi sabon gida ya saki tsohon, kada ya ci nan ya ci can. Taimakon da a ke yi wa yankunan da aka bari a baya kuwa a ci gaba da shi, sai dai a auna shi da makarantar da yaro ya yi da ƙarfin iyayensa. In an yi haka, ɗan ƙauyenmu shi zai ci gurbin ƙauyenmu, ɗan Abuja ya je ya yi gasa da 'yan Abuja.

Game da tambayar Sabon Garin Kano, amsata ita ce dattawa sun yi gaskiya, shi ya sa gyaran nan ba na jiha ɗaya ba ne. A 2019 Gwamnatin Kaduna ta sanar cewa ta daina bambanta ɗan asali da baƙo, za ta riƙa duban mazauni. Abin yabo ne, amma jiha ɗaya ba ta iya canza fom ɗin shiga soja ko na aikin Tarayya, kuma wanda ya buɗe ƙofarsa shi kaɗai alhali maƙwabta sun kulle tasu, mutanensa za su ce ya yi wauta. Tilas a yi shi rana ɗaya, Jos da Kano da Inugu da Ibadan, ta hanyar gyara Tsarin Mulki, wanda ke bukatar kashi biyu cikin uku na majalisu biyu na Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Aiki ne ja. Ran 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta ka da ƙudurin da zai ba mace damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara 5 da aure. A 2025 Mataimakin Shugaban Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai ba mutum asali ta haihuwa ko zaman shekara 10 ko aure, aka yi ta suka har ya janye shi. Wakilan nan ba za su motsa ba sai sun ga mutanen gida sun motsa, mutanen gida kuwa a hannun malamai su ke tashi.

A nan kwaleji muna da ƙungiyar ɗalibai ta kusan kowace ƙaramar hukuma, kowace da ranar taronta da shugabanta, na kuma lura akwai waɗansu 'yan ajinmu, haihuwar garin nan, waɗanda in ranar ta zo sai su zauna a ɗakin kwana don ba su da inda za su. Ina roƙon Ƙungiyar Muhawara ta sa maganar takardar asali cikin jerin zango mai zuwa, da Hausa, a gayyato malamanmu na tarihi da na sanin mulki su yi alƙalanci, a kuma ba waɗannan 'yan'uwa dama su yi magana da bakinsu. Ni zan tsaya a gefen da na bayyana. Abokin ɗakina, wanda ya karanta takardar nan tun ba ta je wurin Edita ba, ya ce shi zai tsaya a ɗaya gefen, ya kuwa riga ya fara tattara hujjojinsa.